Oba-oba a Ɗakin Ƙofar Ruwa

Doka ce a wurin aikinmu na madatsar ruwa: ba a danna oba-oba, rediyon maganarmu na hannu, kusa da na'urar da ke sarrafa ƙofar ruwa, sai ta haukace. Daren nan abokin aikina Barau yana ƙarƙashin ƙofar yana cire ciyawa, ni kuwa zuciyata tana Maradun, wurin budurwata Suwaiba. Na danna, na tambayi direbanmu ko Suwaiba ta karɓi wasiƙata.

Alluran na'urar suka hau karkarwa. Ƙofar ta faɗo, ihu ɗaya ya tashi ya yanke.

Sai ga Barau ya shigo, ƙirjinsa a lotse, ruwa da jini na ɗiga daga rigarsa.

"Lauwali, ɗan'uwa, to mi ta ce?"

Bakinsa bai motsa ba. Daga oba-oban hannuna muryar ta fito.