Numfashin Solène

Rana na shirin faɗuwa muka isa tsohuwar cocin da ke bayan gonakin inabi, ni da maigida Garrigue, mai ɗaukar sauti. Ni na tuƙo motar. Dakon fiyano ne aikina, ban yi nisa a makaranta ba. Yayata Solène ce ta yi nisa. A cocin nan aka ɗauki kiɗan fiyanonta na ƙarshe, kiɗan magabatanmu na Faransa, mai gudu kamar ruwa a kan tsakuwa. Kafin faifan ya fito muka binne ta.

Solène tana da wata ɗabi'a. In ta zo wuri mai wuya sai ta ja numfashi ta hanci, sannan yatsunta su zuba. Makirufo ya kama duka. Kamfanin da zai fitar da faifan ya ce ba numfashi mutane ke son ji ba. Garrigue ya sa reza ya bi zaren rikoda, yana yanke kowane numfashi yana yarwa ƙasa. Ni kuma na bi bayansa na tsince guntayen, na zuba a gwangwanin taba. Abin da ya rage mini nata ke nan. Kullum yana aljihun ƙirjina.

Gurbin da aka yanke kuwa sai an cike shi da shirun ɗakin da aka yi kiɗan, don kowane ɗaki da irin shirunsa. Shirun muka zo ɗauka.

Ciki warin danshi ne da tsohon kyandir. Fiyanon na nan inda ta bar shi.

"Ɗaga murfin, jakin dako," in ji Garrigue. "Yadda yake a ranar da aka ɗauki kiɗan. In ka yi tari, kai ma sai na yanke ka."

"Maigida, Yaya ba ta yarda duhu ya same ta a nan."

"Yayarka ai har kujeru take gaisarwa. Tsaya can ka zama gunki."

Na koma gefe na tsaya. Amma Yaya ta taɓa riƙe hannuna a bakin ƙofar nan ta ce, "Bastien, akwai mai zama a can saman rufi. Ba kiɗan yake saurare ba. Ni yake saurare."

Garrigue ya sa abin sauraro a kunne, ya kunna na'ura. Zare ya fara juyawa. Hasken taga ya koma ja, sannan toka-toka.

Ya ɗago kai ya harare ni.

"Rufe hancinka," ya faɗa da raɗa.

"Ba ni ba ne, maigida."

Allurar na'urar, mai auna ƙarfin sauti, na rawa. Ta hau. Ta sauka. Kamar ƙirjin mai barci.

Sai abin takawa na fiyanon ya nutse ƙasa. Babu ƙafa a kansa.

Duk wayoyin ƙarfen da ke cikin fiyanon suka ɗauki gunji, ƙasa-ƙasa, har na ji a haƙorana.

"Wane ɗan iska ne..."

Tas! Waya ta tsinke ta tsaga masa kunci har kunne. Jini ya fallatsa a kan fararen maɓallai. Ya yi ihu ya dafe fuska. Wata ta sake tsinkewa ta yanke bayan hannun.

Na ruga zan kama shi. Wata babbar waya mai kauri ta taso kamar maciji ta naɗe wuyansa. Ta ja shi. Dugadugansa na kartar dutse. Ta tura kansa cikin fiyanon, murfin ya faɗo.

Murfin ya tashi. Ya sake faɗowa.

Ƙafafunsa suka daina motsi.

Shiru. Zare na ta juyawa.

Sai wani abu ya sauko daga sama ya danne ni ƙasa. Ban ga komai ba. Nauyi ne kawai, da sanyi, da warin rijiya. Ya ɗora baki a kan bakina ya fara zuƙa. Haƙarƙarina ya yi ƙara. Idona ya fara rufewa.

Na ji farce na kartar aljihuna.

Na gane abin da yake nema.

Na riƙe gwangwanin da hannu biyu. Nawa ne. Yayata ce. Ni na yi mata jinya, ni na ɗauki akwatin gawarta.

Ya ƙara zuƙa. Na ɗanɗani jini.

Na buɗe murfin.

Guntayen suka tashi sama kamar ganyen kaka. Na ji su da kunnena, ɗaya bayan ɗaya, numfashin Solène, siriri, ta hanci, yana hawa rufi yana nisa. Nauyin ya ɗaga ya bi su.

Da rarrafe na fita.

'Yan sanda sun ce danshi ne ya cinye wayoyin. Kamfani ya karɓi zaren wannan yammacin, ya cike gurabun da shi. Faifan ya fito, ana ta yabon tsabtarsa. Sau ɗaya na saurara. Duk inda Yaya za ta ja numfashi, can ƙasa, maƙogwaron Garrigue nake ji yana neman iska.

Na bar dakon fiyano. Gwangwanin na nan a aljihuna. Wani lokaci nakan buɗe in kara a kunne, ko mai zama a saman rufin nan ya manta ɗaya.

Bai manta ba.