Wanda Ya Faɗo Daga Turke Na Huɗu

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Litinin aka kira Sufeto Mijinyawa a waya, ko shayinsa bai gama sha ba. Aka ce mutum ya faɗo daga sama a wurin aikin motar igiya.

Duk Keffi an san wannan aiki. Shekara biyu ke nan wani kamfani yana kafa turakun ƙarfe daga gindin Dutsen Kurmi, a hanyar Garaku, har zuwa ƙololuwarsa, inda aka gina wurin shaƙatawa saboda 'yan Abuja masu zuwa yawon buɗe ido. An ja igiyar ƙarfe mai kauri a kan turakun, an rataya mata wasu akwatuna masu gilashi da za su riƙa ɗaukar mutum shida shida zuwa sama. Saura mako biyu a buɗe.

Mijinyawa ya ɗauki Sajan Sakinatu suka tafi.

Gawar tana kwance a gindin turke na huɗu, an rufa mata tamfol. Injiniya Lucky ne, manajan aikin gaba ɗaya. Bel ɗin kariya yana jikinsa, a ɗaure tsaf. Can sama kuwa, tsayin bene hawa shida, guntun igiyar bel ɗin yana reto a jikin ƙarfe.

Sakinatu ta durƙusa ta juya wurin da igiyar ta rabu da bel ɗin.

"Oga, duba nan. Sauran ɗinkin duk da zare mai kauri aka yi shi, ruwan ɗorawa. Wannan kuwa baƙin zare ne siriri. Da irinsa nake ɗinka wa yarana maɓalli."

Mijinyawa ya sunkuya. Bel ɗin yana ƙanshin sabulun wanki. A cikin kafaɗarsa akwai lamba da wanki ya kusa gogewa: goma sha bakwai.

"Wa ya ga faɗowarsa?"

Aka turo masa shugaban makanikai, wani gajeren mutum mai suna Gamaliel. Hularsa ta kwano tana hannunsa.

"Me ya kai manaja can sama?"

"Duk Litinin yakan hau da kansa, yallaɓai, ya duba tayoyin da igiya ke bi. Ya maƙala ƙugiya, ya jingina da baya ya sake nauyinsa kamar yadda muke yi kullum. Sai kawai na ga ya taho."

"An taɓa samun irin wannan a nan?"

"Ko sau ɗaya." Ya faɗa yana kallon takalminsa.

"Yana da abokin gaba?"

Nan bakinsa ya buɗe. "Malam Kabiru, mai gonar can. A gaban kowa ya rantse sai ya ga bayan Oga."

Kafin ya je gonar, Mijinyawa ya biya sito, inda ake ajiye kayan aiki. Mai kula da shi wata dattijuwa ce mai tabarau, Madam Anjelina. A waje mata masu dafa wa leburori abinci suna ta kuka. Ita tana jera safar hannu a kan kanta.

"Ke kika ba manaja bel yau da safe?"

"Ni ce. Sabo fil, lamba talatin da ɗaya."

"Wanda ke jikinsa goma sha bakwai ne."

"To ba daga hannuna ya fito ba. Wata biyar ke nan da fara aikina, bel ɗinmu daga ashirin suke farawa."

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Ni da marigayi."

Ya lura babban yatsanta na dama ya kumbura, da ƙananan huji kamar guda shida.

"Me ya same ki a yatsa?"

"Ƙayar kifi ce. Jiya na yi miya."

Mijinyawa ya fita.

Malam Kabiru yana cikin rogonsa, bai ko ajiye fartanya ba da ya ga kaki.

"Baba, an ce ka yi wa manaja barazana."

"Na yi. Mangwaro goma sha ɗaya ya ture mini, dashen mahaifina, don ya kafa wancan ƙarfen. Na ce sai na ga bayansa, ga shi kuma na gani. Amma ban taɓa shiga shingensu ba, tambayi masu gadi."

"Ka ga faɗowar?"

"Na gani, kamar yadda na ga ta farkon."

Mijinyawa ya daina rubutu. "Wace ta farko?"

"Daminar bara. Wani mai walda, Jonatan. A wannan turken, haka igiyarsa ta tsinke. Ina tsaye a nan. Manaja ya rugo, ya kwance bel ɗin daga jikinsa ya jefa a but ɗin motarsa. Ya ɗauko kwalbar giya ya zazzaga masa a riga da baki. Wannan gajeren makanikin yana tsaye yana kallo."

"Me ya hana ka faɗa?"

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Wa ya tambaye ni? Ɗan sandan da kuka turo ko fitowa daga mota bai yi ba."

Da suka koma caji ofis, Mijinyawa ya sa aka tono fayil ɗin. Shafi biyu ne kacal. Bayanin manaja: mamacin ya zo aiki a buge, ya hau ba bel. Shaidar Gamaliel: haka ne. A ƙasa an rubuta cewa haɗari ne, a rufe. Ya daɗe yana kallon sa hannun da ke ƙarƙashin wannan layi, don nasa ne. Ya tuna ranar. Fayil takwas aka ajiye masa, yana sauri zai tafi ɗaurin aure Akwanga.

Ya rufe fayil ɗin, ya ce wa Sakinatu ta nemo gidan Jonatan.

Gidan yana Sabon Gari, bayan layin masu gyaran keke. Matar, Martina, tana da ɗan tebur na tumatir a ƙofa. Da ta ji sunan mijinta sai fuskarta ta canja.

"Yanzu kuka tuna da shi?"

"Mijinki yana shan giya?"

"Jonatan? Shi ke koyar da mawaƙan coci shekara tara. Ko burkutun biki ba ya taɓawa. Amma da takardarku ta fito, dattawa suka ce ba za a shigar da gawar mashayi cikin coci ba. A tsakar gida aka yi masa addu'a, mutum goma sha biyu. Yarana har yau a makaranta 'ya'yan mashayi ake kiran su."

Ta shigar da su ɗaki don ta nuna musu takardar. A bango akwai hoton aurensu. Bayan ango, wata mace mai tabarau ta ɗora hannu a kafaɗarsa.

Mijinyawa ya matsa kusa. "Wace ce wannan?"

"Yayarsa ce, Anti Anjelina. Ita ta raine shi tun yana shekara huɗu da uwarsu ta rasu. Malamar firamare ce a Garaku. Bayan rasuwarsa ta ajiye aiki, ta ce ta samu wani a Abuja."

"Yaushe rabonki da ita?"

"Jiya ta zo bayan coci. Ta kawo wa yara kaya, ta ari babbar allurata."

Sakinatu ta dubi ogan nata. Bai dube ta ba.

Wajen la'asar suka koma wurin aikin. Mijinyawa ya sa aka kira Gamaliel ya biyo su sito. Madam Anjelina tana zaune a kujera, ta share ɗakin, jakarta a kan cinya.

"Kun daɗe," ta ce. "Na ɗauka tun azahar za ku dawo."

"Jonatan ƙanenki ne."

"Ɗana ne. Ciki kawai ban ɗauka ba."

Gamaliel ya ja da baya har ya bugi ƙofa. Wata biyar yana karɓar kaya daga hannunta bai sani ba. Sunan mijinta take amfani da shi, kuma bai je jana'iza ba.

"A ina kika samu bel mai lamba goma sha bakwai?" Mijinyawa ya tambaya.

"Abin da ya kawo ni ke nan. Na san ƙarya aka yi masa, amma ba ni da abin nunawa. Na nemi aikin sito, na yi wata huɗu ina share-share ina dubawa. A ƙarƙashin tsofaffin tayoyi na same shi, cikin buhun siminti. Igiyar a tsinke, jininsa a bushe a kafaɗa." Ta juya ga makanikin. "Faɗa masa sau nawa Jonatan ya kai ƙarar bel ɗin nan."

Gamaliel ya durƙushe. "Sau uku, yallaɓai. Ya ce ɗinkin ya saki. Oga ya ce sababbi ba su iso ba, aiki ba zai tsaya saboda mutum ɗaya ba, in ba zai hau ba ya ajiye hula ya tafi gida. Bayan abin ya faru Oga ya ce in kamfani ya ji, za a rufe aikin, duk mu rasa abinci. Ni kuma yara biyar gare ni."

"Jonatan uku gare shi," in ji Anjelina.

"Da kika samu bel ɗin, me ya hana ki kawo mana?" Mijinyawa ya ce.

Ta cire tabarau ta dube shi sosai. "Ba kai ne Mijinyawa ba? Na zo ofishinka sau biyu bara. Na farko aka ce ka fita. Na biyu na zauna a benci daga safe har ƙarfe uku, ka wuce ta gabana da waya a kunne. Wani kofur ya ce mini, Mama, an rufe magana, ki je ki yi haƙuri. Na je na yi haƙurin wata goma sha ɗaya."

Mijinyawa ya ƙura mata ido. Bai tuna fuskarta ba ko kaɗan, wannan ne ya fi damun sa.

"Ci gaba."

"Na wanke shi sau uku har ya fita kamar sabo. Jiya na sa masa sabuwar igiya, na ɗinke da zaren da zai riƙe mutum yana hawa, amma ba zai riƙe shi ba in ya jingina. Fatar tana da tauri, ta cinye mini yatsa. Yau da safe ya shigo yana waya, ko kallona bai yi ba, ya miƙo hannu. Na sa masa a hannu. Na ce, Oga, a sauka lafiya."

"Kin san zai mutu."

"Na fita na tsaya a bakin ƙofa don in gani. Ban ƙifta ido ba."

Mijinyawa ya dubi jerin bel ɗin da ke rataye a bango, sai wani tunani ya zo masa.

"Guda nawa kika ɗinka?"

Ta yi ɗan murmushi, irin na malamar da ɗalibi ya ba ta amsa daidai. Ta jawo aljihun tebur ta fito da wani bel, sabo, ta ajiye. An warware ɗinkinsa na asali, an mayar da baƙin zare.

"Na Gamaliel ne. Ranar Laraba yake hawa turke na shida."

Makanikin ya kifa kansa a ƙasa yana kiran sunan Yesu.

"Sauran fa?" in ji Mijinyawa.

"Sauran lafiyarsu ƙalau. Leburori ba su yi mini komai ba. Mutum uku ne a takardar da ta rufe maganar Jonatan. Kai dai ba ka hawa turke, Sufeto."

Sakinatu ta zaro ankwa, ranta a ɓace. Mijinyawa ya ɗaga mata hannu ta dakata. Ya jawo kujera, ya buɗe sabon shafi, ya sa Gamaliel ya maimaita duk abin da ya faɗa tun daga farko, har da kwalbar giya. Ya rubuta da hannunsa, makanikin ya sa hannu. Ya san wannan takarda za ta kai shi gaban kwamitin ladabtarwa, wataƙila ta ci masa igiyar kafaɗa. Ya sa nasa hannun a ƙasa.

Anjelina ta nemi a ba ta ta karanta. Ta bi layi layi da yatsanta mai kumburi, ta gyara masa rubutun sunan ƙanenta, sannan ta miƙa hannuwanta biyu.

"Ina kama ki da laifin kisan Injiniya Lucky," ya ce. "Kai ma Gamaliel ka biyo mu, shaidar zur."

Da suka fito, ma'aikata sun taru a bakin shinge. Wata mota ta tsaya, an fito da matar Lucky, mata biyu suna riƙe da ita, tana kuka tana kiran sunan mijinta. Anjelina ta tsaya ta kalle ta.

"Ko tausayin wannan baiwar Allah ba ki ji?" Sakinatu ta ce.

"Ita za a shigar da nata cikin coci," in ji Anjelina. "Har da mawaƙa."

Ta sunkuyar da kai ta shiga bayan mota da kanta. Mijinyawa ya rufe ƙofar, ya ce wa direba su tafi.