Matar da Ke Bakin Magudana

Wani makanike ya gano gawar ƙanensa da safiyar Laraba a ƙarƙashin gadar kasuwa, cikin babbar magudanar da ta ratsa unguwanni. Ruwan sama ne ya tafi da ƙanen tun makon jiya, mahaifiyarsu kuwa ta ƙi karɓar gaisuwa sai ta ga gawa.

Makaniken ya ce kullum in ya rufe gareji yakan bi hanyar bakin ruwan da tocila, yana leƙa bayan gidaje. Ranar Talata bayan magariba ya tarar da wata tsohuwa zaune a kan siminti, ƙafafunta cikin ruwa. Ya yi sallama, ba ta amsa ba.

"Ya haƙuri, ɗana?" in ji ta.

"Ba a tabbatar ba tukuna, Baba."

"Yana ƙarƙashin gadar kasuwa. Kunyarka yake ji, wai takalmanka ya saka bai tambaya ba. Ina riƙe maka shi, amma hannuna ya fara gajiya."

Ya haska ruwan. Ruwan yana gudu da ledoji da robobi, yana ratsa ƙafafunta kamar babu komai a wurin.

Ya ce bai ji tsoro ba, bai ji komai ba. Gida ya tafi ya kwanta, sai da gari ya waye ya nufi gadar.

Masu wankan gawar sun ce da ɗuminta suka same ta.