Sunan Abarta

Ranar Laraba, sha biyu ga Yuni, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Imrana ya tsaya a zauren su Abarta a Mayo Gwoi, ya ƙi zama.

"Dada ta ce a fasa auren." Mahaifiyarsa yake nufi.

"Me na yi mata?"

"Wai ke 'yar wabi ce, yayyenki huɗu duk sun rasu a goye. Ta ce jikoki take so, ba ƙananan kaburbura ba. Wai sunanki ma shawara ce — a bar ta." Ya sunkuyar da kai. "Sori, Abarta. Uwa ce."

Ya tafi. Abarta ba ta da uwar da za ta kai wa kuka, sai tsohon mahaifinta, Malam Aƙilu, wanda kunnensa ya yi nauyi. Damina ta wuce tana ɗinki ita kaɗai, ba mai sallama sai masu karɓar kaya. Da dare ta jiƙa matashi, da safe ta dama wa tsoho kunu.

Da kaka Hajiya Ikilima, uwar Imrana, ta zo da kanta karɓar kayan toshi. Abarta ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta jere kayan cif.

"Kada ki ƙullace ni, yarinya. Ba ni na sa miki sunan ba."

"Innata ce, Dada. Sunana na yanka Hajaratu. Ran suna ta ɗaga ni sama ta ce, 'Ya Allah, ka karɓi huɗu, wannan a bar ta.' Ba da mutane take magana ba."

Sai hawaye suka zubo wa Hajiya.

"Kafin Imrana na binne wata," in ji ta a hankali. "Hamna. Ni ko bakin roƙon ban samu ba."

Ta tura kayan gaban yarinyar, ta fita hannu wofi. An ɗaura aure bayan an kai amfani gida.

Yara, suna addu'a ce. Kafin ku yanke masa hukunci, ku tambayi wa aka roƙa. Mai haƙuri kuma ba ya taɓewa.

Malam Aƙilu ya rasu bai ga jikarsa ba. Waɗanda suka rage a gidan su Imrana su ne Hajiya Ikilima, da Imrana, da 'yarsa, ƙaramar Hamna mai haƙora shida, da Abarta, wadda aka bari.