Layukan da Na'ura Ba Ta Karantawa

"Karanta," in ji Baba.

Takardu uku ya miƙo min. Inna tana bakin ƙofa, ta kasa shigowa ta kasa komawa.

Kallo ɗaya na yi musu na gane abin da ke ciki.

"Na ce karanta, Badi'a. Ba ke ce 'yar boko ba?"

Da wata murya da ni kaina ban san ta ba na karanta layin da ya ja wa jan biro: "Soja ya tafi ɗaurin aure Kabo... yau zan kai la'asar a wajenka."

"Wane ne Soja?"

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takardar.

"Ni ne, ko? Jiya na wuce majalisar bakin masallaci, samari suka ƙame suka sara min. Ban gane ba sai yau da Zubair, abokin saurayin naki, ya kawo min wannan."

Baba mai unguwa ne a ƙauyenmu da ke Kara, mutumin da ko tarinsa aka jiyo sai an gyara zama. Ni kuwa saura wata biyu a ɗaura min aure da Mahbub, ɗan garin Gammo, wanda ya koya min kwamfuta a Gwarzo. Har an kawo lefe.

Mahbub ne ya ƙirƙiro Tsani, harshen rubuta manhaja da Hausa, wanda mutum zai haɗa manhajarsa a kan wayar hannunsa ba sai da kwamfuta ba. Shekara huɗu baya, lokacin da yake gina na farko, ni ce mai gwada masa. Baba ya hana ni hira da samari ta waya, Inna kuma tana bin saƙonnina kamar mai tsintar shinkafa. Sai muka samo dabara. A cikin rubutun manhaja akwai layukan da na'ura take tsallakewa, marubuci ke barin su don tunatar da kansa. Nan muka mayar wajen hirarmu. Ya turo min aiki, in gwada, in saƙa amsata a ciki in mayar masa. Inna ta leƙa ta ga tarkacen alamomi, ta taɓe baki ta wuce.

"Badi'ata, mayafinki na yau ya hana ni gyara layi na arba'in."

"Ka ci abinci dai, Malam sarkin aiki."

Irin wannan ne, wallahi. Babu alfasha ko ɗaya. Amma akwai wautar yarinta, kuma akwai sunan da na laƙaba wa mahaifina.

Da Tsani ya kai fitowa ta biyar, Mahbub ya ce zai saki ukun farko kyauta, da tushen rubutunsu gaba ɗaya, kowa ya ɗauka ya karanta ya gyara. Sabon ba ya hawa tsofaffin wayoyi, ɗalibansa na ƙauye kuwa su suke riƙe da su. Zubair, abokin aikinsa, ya so a sayar wa wani kamfani a Kano. Suka yi ta ja-in-ja, Mahbub ya ce shi sadaka ya yi niyya. Ranar Litinin ya ɗora su a intanet, ya manta shaf da abin da muka binne a ciki. Ni ma na manta. Zubair da haushi ya hana shi zama, shi ya bi layi-layi ya tono, ya karanta wa samari, sannan ya buga a takarda.

Washegarin ranar da Baba ya sa ni karatun, Mahbub ya zo da kawunsa Malam Tasi'u. Dattawan unguwa sun cika zaure, ni ina maƙale a bayan ƙofa.

"Baba, na cire su daga intanet tun jiya. Na goge komai. Ka yafe min, laifina ne."

"Mutum nawa suka ɗauka kafin ka cire?"

"Ashirin da uku."

"To ku shaida. Na rantse da Allah ba zan ba ka 'yata ba sai ka dafa Alƙur'ani ka ce babu sauran maganar nan a hannun kowa. Na ba ka zuwa Juma'a ta sama."

Kwana tara Mahbub ya yi a kan babur. Kabo, Gammo, Unguwar Tudu, cikin Gwarzo, duk inda ya ji ɗalibinsa ya ɗauka sai ya je ya tsaya a kansa har ya goge. Zubair ma ya goge nasa a gaban mutane, yana murmushi yana cewa ai shi gyara ya yi niyya. Allah ya isa tsakanina da wannan murmushin.

Ashirin da biyu suka samu.

Na ƙarshen ba suna, ba lamba. Shafin ya nuna dai wani ne daga wata ƙasa, shi ke nan.

Ranar Alhamis da azahar Gwaggo Safara'u, ƙanwar Baba, ta tausaya mana ta haɗa mu a tsakar gidanta a Gwarzo. Da na gan shi sai da zuciyata ta karye. Ya yi baƙi, ya rame, leɓensa duk ya tsage.

"Ka rantse kawai," na ce masa.

"Badi'ata..."

"Wanda ya ɗauka ɗin ƙila ko Hausa ba ya ji. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Ke ma za ki sani."

"Ni na yafe."

"Ba ke ke da yafiyar ba, rabin raina. Littafin Allah ne."

"To ka yi istigfari daga baya. Allah Gafurur Rahimu ne."

Ya girgiza kai a hankali. "Kina so a ɗaura aurenmu a kan rantsuwar ƙarya?"

"Ina so a ɗaura shi ko a kan mene ne!"

Gwaggo ta leƙo daga madafi ta koma. Na san na yi saɓo, amma a ranar ban damu ba. Ina son sa, so irin wanda yake sa mutum rashin kunya.

"Ka yi sadaka da abin da ba naka kai kaɗai ba, Mahbub. Ka raba wa duniya, ko ka tambaye ni?"

"Ban tambaye ki ba."

"Shekara huɗu ina jiranka..."

"Na sani."

"To ka ce wani abu mana."

Ya rufe fuskarsa da hularsa, kafaɗunsa na girgiza. Ban taɓa ganin kukan namiji kusa haka ba, kuma ban lallashe shi ba. Har yau wannan yana ci na.

Bayan an sauko daga Juma'a aka shimfiɗa buzu a zaure, aka ɗora Alƙur'ani. Ta tsagar ƙofa nake kallo. Mahbub ya durƙusa da alwalarsa, ya miƙa hannu. Na rufe ido ina roƙon Allah ya sa ya dafa. Ku ji irin addu'ar da na yi.

"Baba," na ji muryarsa, "ashirin da biyu na tabbatar da idona. Ɗaya ya fi ƙarfina. Ba zan iya rantsuwa a kansa ba."

Dattawa suka kalli juna.

Malam Tasi'u ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, a yi kaffarar rantsuwarka mana. Yaron nan bai ɓoye maka komai ba."

"Kaffara tana sauke rantsuwa, Malam Tasi'u. Ba ta rufe bakin mutanen gari. A gabansu na faɗa. Gobe za a maido muku da kayanku."

Na ji fitarsu, na ji tashin babur. Ban fita ba.

Bayan la'asar Baba ya aika a kira ni. Na same shi shi kaɗai, carbinsa a ƙasa, idanunsa jajur.

"Da ya dafa littafin nan, da na ba shi ke," ya ce. "Kuma da ban ƙara ganin girmansa ba har in mutu."

Wani ɗan haske ya shigo zuciyata. Na matso.

"To Baba... yanzu fa?"

"Yanzu ina ganin girmansa."

Na jira. Na jira ya ƙara ko da kalma ɗaya. Ya ɗauki carbinsa ya juyar da kai wajen bango.

"Tashi ki je ki taya uwarki haɗa kayan."

Inna tana ɗaki, akwatunan lefe a buɗe, tana ninke atamfofi tana share ido da gefen zani. Na zauna muka ci gaba tare. A ƙarshe ta ɗago wata shuɗiya, wadda na yi zumuɗi na kai wa tela tun makon da aka kawo kayan.

"Wannan an riga an ɗinka ta daidai jikinki," ta ce. "A bar ta. Wa za ta yi wa?"

Na karɓe ta daga hannunta. Na ninke ta da kyau, na sa ta a saman sauran, na ja zif ɗin akwatin.