Ba Don Takarda Ba

"Baba, a mayar musu da goronsu!"

Haka na faɗa ina kuka a falonmu na Beltsville, ranar da maganar Inna Kaltume ta iso kunnena. Wai ni Hairat, don takarda nake son ɗanta Nassirou!

Nafissa ce ta kitsa mata zancen, 'yar ƙanwarta da ta daɗe tana yi wa Nassirou kwalliya a banza. Tsohuwa kuwa ta hau ta zauna.

Gaskiya ina cikin tsaka mai wuya. A goye aka shigo da ni Amurka daga Maraɗi. Takardar da ake ba irinmu da muka zo muna yara, ita ta hana a kore ni, ita ta ba ni aikin jinya. Da aka sa wa'adin ƙarshe na sabuntawa, ina kan jinyar Baba. Kafin in farga an rufe ƙofa. Shi kuwa Nassirou haifaffen nan ne, kowa ya san abin da aurensa zai yi mini.

Ranar ya zo da taksinsa har ƙofar gida.

"Haba masoyiyata... bari a ɗaura kawai, baki ai ba ya kisa."

"A'a!"

"To a kore ki ke nan? Ko hanyar kasuwar Maraɗi ba ki sani ba!"

"Gara a kore ni da a riƙa nuna ni da baki a gidanku har in tsufa."

Na maida ƙofa na rufe. Wallahi ina rufewa na zube ƙasa, don ina son yaron nan kamar raina.

Haka sanyi ya shigo, ba kira ba saƙo.

Wata safiya cikin Janairu, Lizzy abokiyar aikina 'yar Jos ta faɗo ɗakin hutu da waya a hannu.

"'Yar'uwa! Kotu ta ce a ci gaba da karɓar sabuntawa! Har da ku da wa'adi ya wuce!"

Nan take na kira lauya. Ya ce tabbas haka ne.

Da na tashi aiki, wa zan gani a tashar bas? Nassirou, a ƙafa, dusar ƙanƙara na zuba a kansa, ko hula babu.

"Ina taksinka?"

"Na sayar."

"Ka me?!"

"Na sayar, Hairat. Ba roƙo na zo ba. In sun kore ki, jirgi ɗaya za mu hau. A can dai ba mai cewa don takarda ne."

"Inna fa?"

"Ita ta ce in bi ki. Ta ce wadda ta zaɓi kora a kan a ci mutuncinta, ba a sakin irinta. Nafissa ma ta daina hawo mana bene."

Kuka da dariya suka haɗe mini.

"Kai ba ka jin labarai ne?"

"Rediyon ai ya bi motar..."

"An buɗe ƙofa, Nassirou. Gobe lauya zai tura takardata ta sabuntawa. Zan iya zama a ƙasar nan ko babu kai."

Sai na ga fuskarsa ta faɗi. Ya sunkuyar da kai, muryarsa can ƙasa.

"To... Allah ya sa alheri."

"Kai, sarkin rashin ganewa! Cewa nake yanzu ka tambaye ni!"

Ya ɗago, idanunsa sun cika taf.

"Hairat... za ki aure ni?"

"Direban da ba shi da mota?"

Bas ta tsaya, ƙofa ta buɗe, mutane na ta ture mu. Na kama bakin rigarsa na riƙe gam.

"Zan aure ka, abin ƙaunata. Ko a nan, ko a Maraɗi."