Fankar da ke Kallon Bango

Yana kunna fankar, Tela ta dafe kuncinta na dama, ta durƙushe gefen keken ɗinki.

"Kashe... don Allah kashe."

Mai Gyara, saurayinta mai gyaran kayan wuta, ya kashe. Da hannunsa ya haɗa fankar nan a shagonsa, ya yi mata fenti kore saboda launin da Tela ke so ke nan.

Dama 'yar gwaggonsa, wadda ta daɗe da sa masa ido, ta gama kai wa mahaifiyarsa rahoto. Wai Tela ba ta fara'a, da gefen baki take gaida mutane. Mahaifiyar ta ce ba za ta haɗa zuri'a da mai ɗaure fuska ba, a dakatar da maganar auren.

"In ba kya sona, ki faɗa min kawai," ya ce a hankali.

Sai da ciwon ya lafa ta iya magana. Ta ce wani abu ne kamar wutar lantarki ke fizgar rabin fuskarta. Iska na tayar da shi, wanke fuska ma haka, balle dariya. Har haƙora aka cire mata, ashe lafiyarsu lau. Yayarta ce ta hana ta faɗa masa, wai zai gudu.

"Haba masoyiya... ni da wuta ke ja kullum za ki ɓoye wa?"

Ta so ta yi dariya, ta danne.

Washegari ya raka ta asibiti. Nas ta auna jininta, ta sake aunawa, sannan ta kira likita. Jinin ya hau sosai, Tela ba ta taɓa sani ba. Likita ta ce jijiyar da ke kai ji ga fuska ce ke ciwo, sau da yawa jijiyar jini ce ke danne ta, kuma ciwon ya fi samun masu hawan jini. Sauke jinin kaɗai ba zai kore shi ba. Kowanne da maganinsa, ga rage gishiri, ga zuwa awo. Tela ta fara shan magungunan.

Ya je ya gaya wa mahaifiyarsa. Bayan kwanaki sai ga ta a shagon ɗinki, da na'urarta ta awon jini a jaka. Ta ja kujera, ta ɗaura wa Tela a dantse.

"Tun kafin in haifi wannan nake fama da hawan jini, babansa bai gudu ba. Miƙo hannun sosai, 'yata."

Tela ta yi murmushi kaɗan, tana jiran fizgar.

Ba ta zo ba.

Fankar tana ɗakinsu na aure yanzu. Bango take kallo, iskar ta zagayo musu a hankali.